Sabuwa ko ta hannu, mai tub ko tubles: wace taya ta dace da babur ɗinka?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. Bara aka haɗa masa kuɗi ya sayi Boxer na hannu, yana kabu-kabu a Daura, ranar Lahadi kuma ya wuni yana jigilar mutane da kaya zuwa kasuwar Mai'adua. Na je gida saura 'yan makonni damina ta sauka, bayan mun gaisa sai ya ce, "Kawu, tayar bayana ta suɗe, zan canja. Akwai wata ta hannu da aka yi mini tayi, rabin kuɗin sabuwa, zanenta raɗau. Me ka gani?"

Na ce ya turo babur ɗin waje inda ke da haske. Ta bayan kam babu musu, tsakiyarta ta yi sumul. Amma ta gaban ce ta tsayar da ni. Zanenta da saura, shi ya sa bai ma sa ta a lissafi ba. Na durƙusa na danna mata farce, robar ta ƙi lotsawa, ta bushe ƙamas kamar tsohon ƙirgi. Gefenta da cikin kwarin zanen duk 'yan tsage-tsage ne, irin fason da ke fitowa a dunduniya da hunturu. Na sa tsumma na share ƙurar gefen, sai ga lamba huɗu a cikin ɗan zagaye mai kamar ƙwai: 3517. Mako na 35 na shekarar 2017 aka yi tayar. A kanta yake ɗaukar matan aure da goyo da tsofaffi, kullum ta Allah.

In za mu sayi taya, tambaya biyu muke yi: nawa ce, kuma wata nawa za ta yi. Akwai ta uku da ba mu cika yi ba, kuma ita ce ta fi damuna: ranar da za ta ba ka matsala, ta wace hanya za ta ba ka? Wata tayar tana sanar da kai, ta riƙa sacewa a hankali har ka gangara gefen titi ka tsaya. Wata kuwa lokaci guda take saki, kana tsakiyar gudu, ga tirela a bayanka. Mota ƙafa huɗu gare ta, in ɗaya ta tafi uku na riƙe da kai. Babur biyu ne kacal, kuma inda kowace ke taɓa kwalta bai kai faɗin tafin hannu ba. Birkinka da kwanarka da lodinka duk a kan wannan ɗan wurin suke. Da wannan mudun zan auna duk zaɓin da ke gaban mai babur.

Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, mutane da yawa a Katsina sun jingine motocinsu sun koma babur, kayan gyara kuma suka yi tashin gwauron zabi. Taya kusan duk daga waje take zuwa. Kamfanin taya na Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyin baburanmu kuwa yawancinsu daga Indiya da Sin da Tailan da Indunusiya ake shigo da su. Duk motsin da dala ta yi sai ya iso rumfar mai sayar da taya. Saboda haka wanda ya kalli ta hannu ba wauta ce ta kai shi ba, aljihu ne.

Sai dai tayar hannu cinikin biri a sama ce. Abin da ido ke gani shi ne zane, zane kuwa shi ne abin da ya fi sauƙin yi wa kwaskwarima. Ana wanke ta, a shafa mata baƙi ta yi sheƙi, wasu ma har da wuƙa mai zafi suke ƙara wa kwarin zanen zurfi, su cinye robar da ta rage tsakanin titi da zaren ciki. Ƙarfin taya a zaren nan yake, wanda aka shimfiɗa hawa-hawa a ƙarƙashin roba, da kuma wayar ƙarfe da ke zagaye bakinta tana riƙe da rim. Tayar da aka taɓa tafiya da ita babu iska, ko ta daki bakin rami da ƙarfi, zarenta yakan tsinke daga ciki, waje kuma ya nuna lafiya lau. Ba ka san inda ta bi ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba kuma, tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su Najeriya, in ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake sake yi wa sabon zane. Duk beljiyam ɗin da ka gani, to ba ta hanyar da wani ya tantance ta ta shigo ba.

In dole ta yi dole, kada ka karɓi tayar hannu tana kan rim. A ciro ta, ka juya cikinta ga rana, ka bi da yatsu a hankali. In ka ji tudu, ko faci, ko zare ya fito, ko baƙin gari na roba yana kama hannunka, ajiye musu abarsu. Wannan garin alamar an ja ta a sace ne har cikinta ya narke. Ka matse gefenta da hannu biyu, in tsage-tsage suka buɗe baki, ta gama aiki. Ni dai iyakar inda zan yarda da ita shi ne a baya, a cikin gari, na 'yan makonni kafin kuɗi su samu. A gaba kuwa ko kyauta aka ba ni ba zan ɗaura ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sabuwar ma ba a ɗaukarta ido rufe. Akwai wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba amma ta tsufa a rataye. Ka zagaya wajen masu kayan babur a Katsina ko Daura za ka ga tayoyi a rataye a bakin shago, rana na dukansu tun daga hantsi har la'asar, wata da watanni. Rana da zafi suna busar da roba ko ana hawa ko ba a hawa. Shi ya sa lambar nan ta shekara take da amfani. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, ka bi jerin haruffan har ƙarshe, lamba huɗun ƙarshe su ne: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 1224 yana nufin mako na 12 na 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta sha nanata cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga lokacin da aka ƙera ta. Michelin shi kuma cewa yake bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kuma kada a bari ta wuce goma. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, babur kuma ya wuni a rana a bakin kasuwa, ni na fi karkata ga lissafin FRSC. In zan saya, ina neman wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu da ƙerawa ba. Ka kuma ajiye ta a ƙasa ka duba zagayenta, domin wasu masu shigo da kaya sukan cusa taya cikin taya don rage kuɗin dako, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kamawa, kuma hakan yana lanƙwasa wayar baki. Wadda bakinta ya murɗe ba za ta zauna daidai a rim ba.

Tsakanin sabuwa mai suna da sabuwa mai araha, lissafin ba shi da wuya. A ce mai arahar ta yi kashi biyu cikin uku na kuɗin mai tsadar, amma ta cinye a rabin lokaci. Kafin mai tsadar ta ƙare ka sayi mai araha biyu, ka biya kuɗin ɗauri sau biyu, ka rasa aikin rabin wuni sau biyu. Ga ɗan kabu-kabu araha ta zama tsada ke nan. Ga malamin makaranta da ke zuwa aiki ya dawo, wanda tayarsa tsufa za ta yi kafin ta cinye, matsakaiciya ta wadatar, muddin sabuwar ƙira ce. Kamfanoni irin su MRF da CEAT na Indiya, ko Kenda da CST, ko Vee Rubber na Tailan, sunayensu sanannu ne, amma duk sunan da ya yi kasuwa ana yi masa jabu. Ta gaskiya rubutun jikinta yana fitowa tsaf, ba a dagule ba, cikinta sumul, kuma in ka ɗaga ta za ka ji nauyi.

Rubutun gefen nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mai ɗaukar lodi ke cutar kansa bai sani ba. Za ka ga abu kamar 3.00-17 6PR 50P. Lambar farko faɗin taya ne a inci, 17 kuma girman rim. 6PR ƙarfin zare ne, akwai 4PR, akwai 6PR, akwai 8PR, kuma yawan lambar shi ne yawan juriyar nauyi. 50 ɗin nan kuwa ba kilo 50 ba ne, alama ce da ke nufin kilo 190. In 47 ce, kilo 175. In 52 ce, kilo 200. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: P kilomita 150 a awa, L kuma 120, wanda duk ya fi ƙarfin ƙananan baburanmu, don haka ba shi ne abin damuwa ba. Nauyi ne abin damuwa. Babur ɗin kansa ya haura kilo 100. Ɗora direba, ɗora fasinja, ɗora buhun masara mai kilo 100 a kariya, sannan ka tuna mafi yawan wannan nauyi tayar baya ce ke shan sa. Na ce wa ɗan yayata duk wanda ke aikin kasuwar Mai'adua bai kamata ya sa ƙasa da 6PR a baya ba. Mai tafiya shi kaɗai kuwa 4PR ta fi masa laushi a jiki.

Girman taya kuma a bar shi yadda kamfani ya sa. Matasa suna son ƙatuwar taya a baya don ta yi kyau, amma faffaɗar taya a kan siririn rim matsewa take yi ta yi tsini, inda ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, ta riƙa gugar murfin cen, ta kuma ƙara shan mai.

Yanzu ga inda gardama ta fi zafi a majalisar masu babur: mai tub ko tubles. A nan ina da abin faɗa daga jikina.

Wata shekara cikin bazara na sa sabuwar taya a baya, ina shirin zuwa Daura daga Katsina. Wanda ya ɗaura mini ya ɗaga tsohon tub ɗina ya ce ai da sauransa, faci uku ne kawai, kada in yi asarar kuɗi. Na yarda. Bayan kwana biyu, da azahar, rana ta take, na goyo wani abokin aikina, mun wuce Mashi da kaɗan sai na ji bayan babur ya yi wani irin lilo, kamar an ja tabarma daga ƙarƙashinmu. Ba ƙara, ba gargaɗi. Allah ya sa ban taka birkin baya ba, na saki totur kawai na riƙe kan babur da ƙarfi, muka yi ta tangal-tangal har muka gangara cikin yashi. Abokin nawa salati kawai yake yi. Muka tura har inda wani dattijo mai faci yake a gindin bishiya. Da ya zaro tub ɗin ko cikin ruwan bahonsa bai tsoma ba, ya shimfiɗa shi a gwiwarsa ya nuna mini tsaga mai tsawon yatsa, miƙaƙƙiya kamar an sa reza. Na ce, "Baba, ƙusa ce?" Ya ce, "Babu ƙusa a nan, ɗana. Tsohon tub ya riga ya saki jiki, ya fi cikin sabuwar taya girma. Da aka hura sai ya naɗe, naɗin ya yi ta guga yana zafi har ya yanke." Ya sa babban yatsa ya bi layin naɗin, ga shi nan ya yi fari-fari tun daga nesa da inda ya fashe. Tun daga ranar, duk sabuwar taya da sabon tub nake haɗa ta, mai lamba daidai da tata.

Haka mai tub take mutuwa. Ƙusa ko ƙaya in ta huda taya ta isa tub, tub ɗin roba ce siririya a miƙe, hujin yakan yage, iskar kuma ta samu hanyar fita ta ramukan sifok da ramin bawul, cikin daƙiƙu kaɗan ka zauna a kan rim. Tubles ba ta da wannan jaka a ciki. An shafe cikinta da wata roba mai riƙe iska, bakinta kuma yana manne da rim gam. In ƙusa ta shiga, robar tana kama ta, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Mutum yakan wuni da ƙusa a taya sai da safe ya ga ta yi laushi. Ba ta kuma yin zafi kamar mai tub, tunda babu abin da ke guga a ciki. Ga mai doguwar tafiya a kwalta, Katsina zuwa Daura ko zuwa Kano, wannan bambanci shi ne tsakanin tsayawa a gefen hanya da kwanciya a asibiti. Da na tashi canja babur, da gangan na nemi mai tubles, kuma ban yi da-na-sani ba.

Amma ban ce wa ɗan yayata ya bi sahuna ba, ga dalili. Tubles sai da rim ɗin da ba ya yoyon iska, irin na alminiyam da aka zuba guda ɗaya. Rim mai sifok na baburanmu ramuka ne zagaye da shi, ba ya riƙe iska sai da tub. Na alminiyam kuma ba ya son duka: ya faɗa mugun rami da lodi, bakinsa ya ɗan lotsa ko ya tsage, shi ke nan iska ta samu ƙofa, gyaransa kuma ba a kowane gari ba. Mai sifok yana da haƙuri, yana ɗan bayarwa in ya sha duka, in ya karkace bakanike ya ɗaure sifok ya miƙe shi. Sannan tub kowane mai faci a ƙauyukan Zango da Sandamu da Baure zai iya gyara shi da famfon hannu, alhali tubles in bakinta ya rabu da rim sai injin iska mai ƙarfi ne zai mayar da shi. Wanda aikinsa burji da yashi da gonaki, inda ƙayar aduwa da ta bagaruwa ke zube ko'ina, mai tub ta fi masa, ya dai riƙa tafiya da sabon tub guda a ƙarƙashin kujera. Wanda aikinsa kwalta da gudu, tubles. Hanyar da kake bi ce ke zaɓar maka.

Abu biyu game da haɗa su. Tayar da aka rubuta wa TUBELESS ana iya sa mata tub a kan rim mai sifok, sai dai za ta ɗan fi yin zafi. Wadda aka rubuta wa TUBE TYPE kuwa kada a kuskura a hura ta babu tub, ko da a rim na alminiyam ne, ba a yi ta don riƙe iska ba. Kuma duk lokacin da aka buɗe taya mai tub, a duba robar nan da ke zagaye rim tana rufe kawunan sifok. In ta tsinke, kan sifok ne zai riƙa huda tub daga ciki, kai kuma kana ta zargin ƙaya.

Batun irin zane ba shi da tsawo. Mai manyan haƙora tana kama yashi da taɓo, amma a kwalta tana gurnani, tana saurin cinyewa, kuma ba ta riƙe kwana sosai in an yi ruwa. Mai ƙananan zane ta kwalta ce. Akwai tsaka-tsaki, ita ce ta dace da yawancin mutanen Daura da kewaye. Zanen gaba daban ne da na baya, kada a musanya su, kuma in akwai kibiya a gefen taya, ka tsaya a kan mai ɗauri ya sa ta tana kallon inda ƙafar ke juyawa.

To yaushe faci ya isa, yaushe kuma sai canji? Ƙaramin huji na ƙusa a tsakiyar inda ke taka ƙasa, faci ya yi. A tubles, igiyar roba da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce, gyaran da ya fi aminci shi ne a ciro taya a manna daga ciki. Amma huji ko yanka a gefen taya ba shi da magani, domin gefen nan lanƙwasawa yake yi duk juyi guda, babu facin da zai zauna. Kumburi kamar ƙurji a jikin taya zare ne ya tsinke, iska ke turo roba, kuma ranar fashewarsa ba ta da nisa. Na sha ganin an yanko guntun tsohuwar taya an shimfiɗa a ciki an rufe yanka, har da masu ɗinkewa da zare. Wannan dabarar fita daga daji ce, ba ta ɗaukar fasinja ba. Tub kuma in faci ya hau kan faci, ko ya yage a gindin bawul, a haƙura da shi.

Zurfin zane yana da alamarsa. Ka duba kafaɗar taya za ka ga ɗan alwatika ko haruffan TWI, ka bi saitinsa cikin kwarin zane, akwai ɗan tudu a ciki. Ranar da saman taya ya yi daidai da tudun nan, ta ƙare. A Ingila doka ba ta yarda zanen tayar babur ya gaza milimita 1 ba. Ni ba na jira ta kai nan in damina ta gabato. Aikin kwarin zane shi ne korar ruwa daga ƙarƙashin taya. Ruwan farko na Yuni shi ya fi haɗari, lokacin da ƙurar rani da baƙin man da ya ɗiga a kwalta suke haɗuwa su zama kamar sabulu, musamman a shataletale. Tayar da ta yi maka aiki lafiya tun Nuwamba, ranar nan za ta nuna maka ta suɗe. Ina tsoma kan ashana a kwarin, in bai nutse ba na san lokaci ya yi.

Duk tayar da ka zaɓa, iska ce ke kashe ta ko ta raya ta, kuma a nan ne muka fi sakaci. Mai faci ya danna da yatsa ko ya ƙwanƙwasa da sifana ya ce ta yi. Yatsa ba geji ba ne. Adadin da kamfani ya tsara yana cikin littafin babur, sau da yawa kuma a manne a murfin cen ko kusa da shi. A ƙananan babura, a ma'aunin PSI na geji, yakan kama wajen 25 a gaba, 28 a baya, a ƙara zuwa wajen 32 in da goyo. Lambar da ke jikin taya kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a hura ba. Iska in ta yi yawa taya takan cinye a tsakiya, babur ya riƙa tsalle, birki ya rage kamu. In ta yi kaɗan kafaɗu ne ke cinyewa, gefe ya yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi, mai ya riƙa tafiya, rami kuma ya matse tub tsakanin rim da dutse ya huda shi wuri biyu. Ka kalli bawul: in ya karkace maimakon ya tsaya sak, taya ce ke zamewa a kan rim tana jan tub, saura kaɗan ta tsinke shi. Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari, ta rage iska da rana wai don kada zafi ya fasa taya. Taya mai ƙarancin iska ita ta fi yin zafi. A auna da safe kafin a fita, sau ɗaya a mako, da hunturu ma a ƙara kula, domin sanyin asuba yana rage ta. Ɗan gejin aljihu ba shi da tsada.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya, wadda ɗan yayata ya yi mini muna tsugune a gaban babur ɗin: "Kawu, in kuɗin guda ɗaya gare ni fa?" Ta baya ita ke cinyewa da sauri, tunda ita ke tura babur kuma ita ke ɗaukar lodi, har akan canja biyu kafin a canja ta gaba sau ɗaya. Shi ya sa ta gaba take tsufa a manta da ita. Amma wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga ƙafar gaba yake fitowa, ita ce kuma ke riƙe kwana. Baya in ya zame, gwani yakan iya tare shi. Gaba in ya zame, kafin ka ce me, kana ƙasa. In duka biyun sun kai wa'adi kuma guda za ka iya saye yau, duba wadda ke da kumburi ko yanka ko zare a waje, ita ce farko. In babu wannan, gaba ce farko, sannan a rage lodi da gudu har a samu ta baya.

Nasa duka biyun sun kai, kuma aikinsa na ɗaukar rayuka ne, ga ruwa na tafe. Na ce ya bar maganar ta hannun nan. Ya kawo abin da ya tara, na cika masa, uwarsa ma ta sa hannu daga kuɗin adashenta. Muka shiga shago uku kafin mu samu masu sabuwar lamba, shi da kansa yake juya su yana karantawa, har mai shago na biyu ya tambaye shi abin da yake nema a jikin taya. Ya ɗauki 2.75-17 a gaba, 3.00-17 mai 6PR a baya, da tub biyu sababbi, da na uku na ajiya. Muka tsaya a kan mai ɗauri har ya gama, aka sake robar rim ta baya da ta tsinke, aka auna iska da geji. Na gaya masa sabuwar taya tana da santsi, ya bi ta a hankali kilomita ɗari da wani abu na farko, ban da birkin gaggawa, ban da kwanciya a kwana. Tsohuwar ta gaban kuwa na ce a yanka gefenta da wuƙa kafin mu bar wurin, don kada gobe wani ya wanke ta ya shafa mata baƙi ya rataye.